Idan Fitilar Santsi Ta Ƙi Mutuwa

Ka san fitilar nan ta rawaya da ke allon gaban direba, mai hoton mota da layuka biyu a karkace a ƙarƙashinta. A wasu motocin rubutu ne: TRAC ko VSC a Toyota, VSA a Honda. Idan tana ƙiftawa kana tafe a laka ko rairayi, lafiya lau, aikinta take yi. Idan kuwa ta kunnu ta tsaya cak, to motar ta kashe na'urar hana santsi, kuma akwai dalili.

Ga yadda na'urar take aiki. A gindin kowace taya akwai sensa mai ƙirga gudun juyawarta, ita ce kuma burkin ABS yake dogara da ita. Idan taya ɗaya ta fi sauran gudu, kwamfutar mota ta gane ta kufce, sai ta ɗan matsa mata burki, ta kuma rage ƙarfin inji. Ka ɗauki kwamfutar kamar maigida mai 'yan aike da yawa: idan labarinsu ya saɓa, ba zai yanke hukunci ba, sai ya janye hannu ya sanar da kai. Fitilar ita ce sanarwar, amma ba ta faɗin wanda ya kawo labarin ƙarya.

Saboda haka fara da mai sauƙi. Duba ko an taɓa maɓallin kashe na'urar bisa kuskure. Daga nan sai batir, domin raunin wuta yana rikita dukkan sensoci. Lafiyayyen batir yana nuna kusan volt 12.6 idan inji a kashe yake, da 13.5 zuwa 14.5 idan yana aiki. Kan batir mai tsatsa, da wayar da ke haɗe da jikin mota idan ta saki, da fis da ya ƙone, duk suna iya kunna fitilar. Sannan a leƙa wayoyin sensocin taya, waɗanda ruwan damina da gargada suke wahalarwa.

Totur ma yana iya kunna fitilar. To me ya haɗa shi da santsi? A motocin zamani babu igiyar ƙarfe tsakanin ƙafarka da inji. Idan ka taka totur, sensa ce ke kai saƙo, kwamfuta ta sa wani ƙaramin inji ya buɗe ƙofar iska. Da wannan ƙofar na'urar take rage ƙarfi. Idan datti ya danƙare ƙofar, ko sensocinta biyu suka saɓa, kwamfuta ba za ta amince da ita ba. Sai ka ga fitilar inji ta kunnu tare da ta santsi, mota ta ƙi ja duk yadda ka taka.

A nan ne na'urar bincike take da amfani. Tun 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka suna da soket ɗin OBD2 mai haƙora 16 a ƙarƙashin sitiyari, kuma yawancin motocin Kwatano suna da shi. A soket ɗin ake jona na'urar, ta fito da lambar matsala. Lambar P2135 tana nuna saɓanin sensocin totur, lambobi masu farawa da C kuwa na ɓangaren taya da burki ne. Lamba dai wuri take nuna maka, ba ta ce a sayi sabon kaya ba. Ka sa mai rewaya ya gwada waya da soket ɗin wurin tukuna, ya wanke ƙofar iska, kafin ka ciro kuɗi.