Kifin Filifin: Lafiya Daga Ruwa, Ɓarna A Kasko

Ƙasar Filifin tsibirai ce sama da 7,000, saboda haka kifi shi ne mahaɗin shinkafar mutanenta safe da dare. Talaka na da galunggong, mai ɗan hali na sayen bangus na garin Dagupan, ga kuma karfasa, ita dai wannan tamu, wadda masana suka soma inganta irinta a can tun 1988 da wanda aka ɗebo daga Masar da Gana da Kenya da Senegal. Duk da wannan ni'ima, ciwon zuciya ne kan gaba wajen ɗaukar rayuka a ƙasar. Dalilan suna da yawa, amma wanda ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake lalata kifi kafin ya kai baki.

Ɗauki karfasa. A giram 100 na tsokarta ɗanya akwai furotin kusan giram 20, kitse bai kai giram 2 ba, kalori bai cika 100 ba, ga bitamin B12. Wanda likita ya ce ya rage jan nama, ina zai sami abin da ya fi wannan?

To, sai a tsaga kifi, a labta masa gishiri, a shanya a rana, shi ne daing. Ƙananan da ake busarwa ɗungurungum kuma tuyo. Gari na wayewa a jefa shi cikin mai har ya ƙandare, a kawo soyayyiyar shinkafa mai tafarnuwa, a ɗora soyayyen ƙwai. Suya uku a faranti ɗaya, tun rana ba ta ɗaga ba! Babban cokali guda na man girki yana ɗauke da kalori kusan 120, ya zarce na tsokar kifin da muka lissafa. Gishiri kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan. Busasshen kifi ya riga ya sha nasa ya ƙoshi, amma da rana ga patis, ruwan kifi mai ɗan karen gishiri, ana ta tsoma loma. Sannan mai hawan jini ya buɗi baki ya ce shi kifi kawai yake ci.

Na yarda, gishiri shi ne firjin talaka. Amma jiƙa busasshen kifi a ruwa a zubar kafin girki ba ya cin ko sisi, kuma ɗanɗano ake nema a jikinsa, ba ƙoshi ba.

Abin haushin, maganin na cikin kicin ɗinsu. Sinigang romon kifi ne da tsamiya da tumatir da ganye. Paksiw dahuwa ce da ruwan khal da citta. Akwai gashi a kan gawayi, an cusa wa kifin albasa da tumatir a ciki. Zogale ma, da suke kira malunggay, suna zuba shi a romo. Tsarin Pinggang Pinoy da cibiyar binciken abinci ta gwamnatinsu ta fitar a 2014 ya ce rabin faranti ya zama ganye da 'ya'yan itace, saura shinkafa da mahaɗi irin su kifi.

Sai dai ko sinigang ɗin an soma ɓata shi da garin leda, wanda gishiri ya yi wa yawa. Mai son tsami ta jiƙa tsamiya ta tace, ta ɗanɗana romon tukuna kafin hannunta ya kai ga gishiri.