Gure: Leda Ba Ta Maye Gurbin Gilashin Bayan Mota

Da la'asar sakaliya muka taso daga wata kasuwar ƙauye da ke yankin Muniyo, muka nufi Gure cikin wata tsohuwar mota mai dogon baya, irin wadda ake yi wa lodi har sai an danna but da ƙarfi kafin ya rufu. A kujerar baya mata ne 'yan kasuwa da 'ya'yansu, a bayansu kuma buhunan kanwa da na wake an cusa su har sun tokare gilashi. Ba mu yi nisa ba motar ta faɗa wani rami, sai muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Kafin mu waiga, gilashin baya ya zube gaba ɗayansa, ya koma kamar tsakuwa a kan kaya da mayafan matan.

Direba ya sauka ya karkaɗe, ya samo leda ya ɗaure wurin, muka ci gaba da tafiya. Tun kafin mu hau kwalta iska ta yaga ledar. Lokacin da muka shiga tasha, matan da ke baya suna ta kukan ciwon kai da jiri, yaro ɗaya kuma sai da aka jijjiga shi kafin ya farka. Kowa ya ɗauka gajiyar hanya ce. Atamfofin da wata baiwar Allah ta dawo da su duk sun sha ƙura. Nan take kuma gardama ta kaure, direba ya ce kanwa ce ta fasa masa gilashi, mai kanwa ta ce ai ba ita ta yi lodi ba.

Duk mai bin hanyar Damagaram zuwa Diffa, ta Mirya da Gidimuni da Gidigir da Gure har Gudumariya, ya saba ganin motoci da leda ko kwali ko katako a gurbin gilashin baya. Wasu a haka za su yi watanni, domin a ganin mai mota tunda injin lafiya lau, gilashi zai iya jira. Wannan shi ya sa muka ga ya dace mu yi wa 'yan kasuwa bayani, masu motar kansu da masu shiga ta haya, musamman iyayenmu mata waɗanda galibi su ake zaunarwa a baya kusa da kayansu.

Me ya sa ba ya gyaruwa?

Gilashin gaba da na baya ba iri ɗaya ba ne. Na gaba falle biyu ne da aka manne da wata siririyar roba a tsakani, dabarar da wani Bafaranshe mai suna Édouard Bénédictus ya yi wa rajista a 1909. Shi ya sa idan dutse ya same shi yake tsagewa amma ya tsaya a wurinsa, har a iya toshe ƙaramin tabo da gam na musamman.

Na baya kuwa, a mafi yawan motoci, falle ɗaya ne da aka gasa a wuta mai zafin da ya haura digiri 600, sannan aka huce shi farat ɗaya da iska. Wannan ya sa ya ninka gilashin taga na gida ƙarfi kamar sau huɗu zuwa biyar, kuma idan ya fashe yakan rududduge ƙanana-ƙanana don kada ya yanka mutane. Sai dai kuma ƙarfin nasa a tsakiya yake, gefensa ne lagonsa. Kusurwar ƙarfe, ko bakin tukunya, ko ƙahon rago, ko dunƙulen kanwa mai kaifi, idan ya danne shi a kan hanya mai gargada ya isa ya tarwatsa shi. Ƙaramin ɓantare a gefe ma zai iya yin shiru na makonni, sai ranar da mota ta wuni a rana ko ta faɗa rami ya yi aikinsa.

Saboda haka babu batun faci. Haka kuma ba a yanka irin wannan gilashi, ba a huda shi, domin da an taɓa shi da abin yanka zai fashe. Mai karatu ya riƙe wannan da kyau, zai yi masa amfani a kasuwa.

Gubar da ba ta wari

Ƙura da ruwan sama da ɓarayi su ne abin da kowa ke tunawa idan gilashi ya fashe, alhali babban haɗarin ba a ganinsa da ido. Idan mota na gudu, iskar da ta ratsa takan yi juyi a bayanta, ta zuƙo abin da ke wurin zuwa ciki ta duk wata kafa da ta samu. Abin da ke wurin kuwa shi ne hayaƙin salansa. Wannan ne dalilin da ya sa kamfanonin ƙera motoci ke gargaɗi a littafin mota cewa kada a yi tafiya da ƙofar baya a buɗe.

A cikin hayaƙin akwai wata iska mai guba da likitoci ke kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tsohuwar mota mai shan fetur ta fi fitar da ita. Takan kama jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sama da sau 200. Alamominta na farko su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala da barci, wato daidai abin da matafiyi zai ɗauka gajiya ce ko yunwa. Ƙananan yara da mata masu juna biyu sun fi shiga haɗari. Idan ta yi yawa takan sumar da mutum, har ta kai ga rasa rai, kuma direban da ta fara kamawa gyangyaɗi zai yi a kan sitiyari.

Don haka duk macen da ke zaune a baya ta ji kanta na sarawa, ko ta ga yaronta ya yi laushi cikin motar da bayanta ke buɗe, ta yi magana a tsaya a fita a sha iska. Wanda bai warware ba a kai shi asibiti, a kuma gaya wa ma'aikatan lafiya irin motar da ya shigo. Kwali da katako su ma ba mafita ba ne, domin ba sa toshe kafa duka, sannan suna rufe wa direba madubin tsakiya. Leda mai kauri da ake gani ta cikinta, wadda aka liƙe ta ko'ina da salatif, ta kwana biyu ce kawai kafin gilashi ya iso.

Daga Gure zuwa Ƙofar Ruwa

Gilashin mota ba kamar fulogi ko belt ba ne da za a tarar a kowane shago, domin kowace mota da nata, ga shi yana cin wuri, ga saurin fashewa. Sau da yawa mai mota a Gure sai ya aika Damagaram, tafiyar sama da kilomita 160. Idan ba a dace a can ba sai Kano, wata tafiyar ta kimanin kilomita 240, inda kasuwar Ƙofar Ruwa ta yi suna wajen kayan gyaran mota, sababbi da na gwanjo.

'Yan kasuwa sun fi kowa sanin cewa wannan hanya ba kullum take a buɗe ba. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe iyakar ƙasashen biyu bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. Ga kuma canji tsakanin sefa da naira da ba ya zama wuri ɗaya. Idan aka haɗa kuɗin gilashi da na mota da ladan ɗan aike da na mai sanyawa, za a ga kuskure ɗaya na nufin biya sau biyu. Wanda aka kawo masa gilashin da bai hau motarsa ba, mayar da shi Kano wata asarar ce.

Maganin wannan shi ne a aika da cikakken bayani tun farko. Sunan mota kaɗai bai isa ba, domin Corolla ta Amurka da ta Turai kan bambanta, mai but da mai dogon baya ba ɗaya ba ne, Hiace ma iri-iri ce. A kwafi lambar jikin mota daga takardar da ake kira carte grise, a faɗi shekarar ƙira, a ɗauki hoton bayan motar da na tambarin da ke kusurwar gilashin gefe, a tura ta WhatsApp. A faɗa ko akwai hudar abin share ruwa, a kuma faɗa ko da roba aka sa tsohon ko da gam.

Abin dubawa kafin a biya

Na farko tambari. Gilashin mota na gaskiya yana da rubutu a kusurwa wanda ba ya gogewa da farce. Za a ga sunan kamfani, kamar Sekurit ko Pilkington ko AGC, ko na Chana irin su Fuyao da XYG. Za a ga harafin E da lamba cikin da'ira tare da 43R, ko kuma DOT da AS2, sau da yawa har da kalmar TEMPERED, wato gasasshe.

Na biyu, a yi hattara da wanda zai ce zai yanko maka daidai awo da rabin kuɗi. Tunda gasasshen gilashi ba ya yankuwa, abin da zai yanko ko dai mai falle biyu ne, wanda ya dace da shimfiɗaɗɗiyar taga irin ta wasu manyan motoci, ko kuma gilashin gida ne. Na gida idan ya fashe wuƙaƙe yake zama, a daidai ƙeyar masu zama a baya. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado, wannan kuwa ta wuce batun ado.

Na uku, na gwanjo ba laifi ba ne, sau da yawa ma shi ne na asalin kamfanin motar. Amma a bi gefensa da yatsa kaf, wanda ke da ɓantare a bar shi komai sauƙinsa. A duba siraran layukan da ke jikinsa da ƙarafunan da ake jona musu waya, domin su ke busar da tururi lokacin damina, a wasu motocin ma eriyar rediyo na ciki.

Na huɗu ɗauko shi. Gilashi a tsaye ake ɗaukarsa, a naɗe gefensa da kwali ko bargo, ba a kwantar da shi a ɗora kaya a kai. A kuma yi magana da mai ɗaukowa tun kafin ya taso, idan ya fashe a hanya asarar wa ce.

Wajen sanyawa

Tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 da roba ake sa musu gilashi, a zura igiya cikin robar a ja ta daga ciki har ta hau bakin ƙarfe. Idan rana ta cinye robar ta tsattsage, a saya sabuwa tare da gilashin, in ba haka ba ruwa da ƙura za su ci gaba da shiga.

Motocin baya-bayan nan kuwa da baƙin gam na musamman ake manna shi, wanda ake kira foliyuretan. Silikon da masu tagar alminiyam ke amfani da shi ba ya riƙe gilashin mota, kada a yarda da shi. Gwanin aiki zai kwashe ɓaraguzai daga cikin ƙofa da kujeru, ya yanke tsohon gam ya bar ɗan siriri a jikin ƙarfe, ya shafa maganin tsatsa duk inda wuƙa ta kankare fenti, ya gwada gilashin a bushe kafin ya matsa gam. A kuma duba kwanan watan da ke jikin gam ɗin, domin yana lalacewa idan ya daɗe a ajiye cikin zafi.

Akwai wani abu da ya shafi Gure musamman. Wannan gam da damshin iska yake bushewa, saboda haka a lokacin hunturu da iska ke bushe ƙamas yakan ɗauki lokaci fiye da yadda yake yi da damina. A bar motar ta kwana ta wuni a inuwa, a ɗan sauke gilashin gefe, kada a buga ƙofa da ƙarfi, kada kuma a hau hanya mai gargada. Wanda ya sa gilashi da safe ya yi lodi da rana don kada kasuwa ta wuce shi, shi ne sauri ya haifi nawa.

Wa zai biya?

Masu mota da dama na zaton inshorar da suke nuna wa jandarmomi a hanya za ta biya. Ƙarƙashin tsarin inshora na CIMA, wanda Nijar ta sanya wa hannu a Yawunde a 1992, inshorar dole tana biyan ɓarnar da motarka ta yi wa wani ne. Fashewar gilashinka sai ka sayi ƙarin kariya da ake kira bris de glace. Mai motar da ke bin hanyoyin ƙauye kullum ya tambayi kuɗinta ya auna da kuɗin gilashi.

Gardamarmu ta tasha kuwa sai da dattawan wurin suka shiga tsakani kafin ta lafa, bayan an yi ɓacin ran da ba shi da amfani. Da an bi a hankali tun wajen lodi da ba a kai ga haka ba. Mai kaya ta tsaya a kan kayanta, ta faɗi abin da ke cikin buhu, direba ko yaron mota su sa masu nauyi da kaifi a ƙasa, a bar tazarar tafin hannu tsakanin kaya da gilashi, a ɗaure su don kada su zame. Idan but ya ƙi rufuwa sai an danna, a rage buhu ɗaya ya biyo motar baya. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Muna kira ga shugabannin tashoshi da ƙungiyoyin direbobi a Gure da kewaye da su riƙa duba bayan mota kafin a ba ta layi, kamar yadda ake duba taya. Ku kuma iyayenmu mata, kuɗin mota kuka biya, kuna da ikon ku ce ba za ku zauna da goyo a ƙarƙashin leda ba. Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba da kasuwa mai albarka.