Ɗan Sawaba da Ɗan Tawayen Arewa Bayan An Ajiye Bindiga

Cikin 'yan Nijar da suka taɓa ɗaga wa gwamnatin Yamai bindiga, akwai rukuni biyu da labarinsu ya biyo ta Damagaram. Na farko mayaƙan Sawaba ne na 1964, domin Zinder, wato Damagaram, na cikin garuruwan da wannan jam'iyya ta Djibo Bakary ta fi jama'a. Na biyu 'yan tawayen arewa ne na shekarun 1990, waɗanda aka sa hannu a babbar yarjejeniyar sulhu da su ran 24 ga Afrilun 1995, lokacin ɗan Damagaram, Mahamane Ousmane, na shugaban ƙasa.

Ɗan Sawaba talakan birni ne: direba, karen mota, ɗan kamasho, tela, ƙaramin ma'aikacin gidan waya. Jam'iyyarsa mai alamar raƙumi ta ce wa Faransa a'a a zaɓen raba gardama na 1958, jam'iyyar RDA mai alamar giwa ta hau mulki, aka haramta Sawaba a 1959. Samarinta suka tsallaka Kano da Accra, wasu suka samo horon soja a Gana, Aljeriya, Sin da Vietnam ta Arewa. Ɗan tawayen arewa kuwa ɗan makiyaya ne da farin shekarun 1970 da na 1984 ya cinye wa dabbobi. Yunwa ta kai shi Aljeriya da Libiya, a barikin Gaddafi ya koyi harbi, kashe-kashen Tchintabaraden na Mayun 1990 suka tunzura shi. Dukansu a ƙasar wani suka koyi yaƙi, amma wancan aƙida ta fitar da shi, wannan kuwa fari da wariya.

Yaƙin Sawaba bai yi tsawon rai ba. 'Yan ɗaruruwa ne suka shigo ta iyakokin kudu da yamma bayan daminar 1964, da zaton talakawa za su mara musu baya. Sai ga hakimai da 'yan RDA sun tara mutanen ƙauye da kwari da baka ana farautarsu a gonaki. Na arewa ya ja shekaru, don duwatsun Ayar sun ba su mafaka, hanyar Arlit mai uraniyom kuma tana kusa da hannunsu. Gwamnati ta gaza murƙushe su, dole ta zauna da su.

A nan makomar ta rabu. A Oktoban 1964 an harbe wasu 'yan Sawaba a bainar jama'a a Yamai. Da aka jefa wa shugaban ƙasa Diori Hamani gurneti a filin idin babbar salla a Afrilun 1965, kamen ya game har waɗanda ba su taɓa riƙe bindiga ba. Da yawa sun mutu a gidan kaso, ragowar sai da Seyni Kountché ya yi juyin mulki a 1974 suka shaƙi iska. Sun fito ba fansho, ba aiki, ƙuruciya ta tafi. Shi kansa Djibo, da ya dawo gida, an sake tsare shi a 1975.

Ɗan tawaye ya fita da takarda a hannu. An ɗauki wasu soja, wasu jandarma, wasu gardi ko duwan. Madugun tawaye Rhissa Ag Boula ya zama ministan yawon buɗe ido a 1997, aka ƙona makamai a Agadas ran 25 ga Satumban 2000. Sai dai kada mai karatu ya ɗauka kowa ya sha romo. Rabon ya bi jerin sunayen da shugabanni suka miƙa, wanda sunansa bai shiga ba ya yi shekaru yana jiran kuɗin sana'ar da aka yi masa alkawari. Wannan jira na cikin ƙorafin ƙungiyar tawaye ta MNJ da ta kai hari Iferouane a Fabrairun 2007. Wasu tsoffin mayaƙan suka koma jigilar baƙin haure daga Agadas zuwa Libiya, dokar 2015 ta hana safarar baƙin haure ta zo aka kame motocinsu, aka ɗaure direbobi.

Akwai kuma abin da ake zargin sulhun da shi, kuma zargin ba banza ba ne: ya nuna wa na baya cewa bindiga na iya zama takardar neman aiki, alhali matashin Zinder mai digiri yana zaune a fada yana dafa shayi. Murƙushe Sawaba bai haifar da wannan ba, amma abin da ya bari ya fi muni: gidaje da ba su san inda aka binne nasu ba, da tsoffin da suka yi shekaru ba sa iya faɗin abin da suka gani. An mai da 24 ga Afrilu ranar haɗin kan ƙasa. 'Yan Sawaba kuwa sai da wani masanin tarihi ɗan Holan, Klaas van Walraven, ya bi su gida gida kafin labarinsu ya zama littafi a 2013.

A ganina hanyar 1995 ta fi, duk da rashin adalcin rabonta, don wanda aka bari da ransa yana iya bin haƙƙinsa. Na 1964 da suka rage sun tsufa ƙwarai. Ya kamata ɗaliban tarihi na Jami'ar André Salifou su shiga unguwannin Birni da Zango na Zinder da na'urar ɗaukar murya, su ji daga bakinsu da na iyalansu, da Hausa.