Idan Fanka Ta Fara Gurnani, a Kashe Ta

Da zarar bazara ta kama, daga Maris zuwa Mayu, fanka ba ta samun hutu muddin akwai wuta. Lokacin ne kuma shagunan masu naɗin koyil ke cika da fankokin da suka ƙone.

Fanka ba ta da cin wuta. Ta sama kan ja wat 60 zuwa 80, ta tsaye ma ba ta kai haka ba, alhali dutsen guga kan ja wat 1,000 ko fiye. Sai dai wani kaso na wutar da take ja zafi yake komawa a cikin koyil, kuma juyawarta ce ke hura mata iskar da ke sanyaya ta. Ɗan ɗumi a jikin motar fanka ba komai ba ne. Haɗarin yana ga fankar da aka kunna, tana gurnani, amma fukafukanta na tsaye ko suna jan jiki. A lokacin wutar da take ja ta ƙaru, iska kuma babu. Sannu a hankali fentin da ke lulluɓe da wayar koyil zai gasu, a ji ƙauri, shi ke nan.

Galibi laifin kafasita ne, ɗan abin nan mai wayoyi biyu da ke taimaka wa mota ta tashi. Idan ya yi rauni, sai an tura fukafukan da hannu ko da sanda, kuma gidaje da yawa sun mai da wannan al'ada, alhali canza shi ya fi naɗin koyil araha nesa ba kusa ba. Ƙurar hunturu ma kan daskare a kan sandar motar har ta cije. A cire fulogi, a goge, a ɗiga man keken ɗinki; ban da man gyaɗa ko manja, don danƙo suke yi. Sai kuma rabin wuta: an ƙera fankar don bolt 220 zuwa 240, don haka idan ƙwan lantarki ya yi ja-ja-ja, a kashe ta.

Yawancin fankokin tsaye suna da ɗan fis a jikin koyil, wanda ke yankewa idan zafi ya wuce kima. Wasu masu gyara kan cire shi su haɗe wayar kai tsaye. Kada ku yarda, musamman ga fankar roba da ke kwana kusa da gidan sauro da labule. Ku ce a sa sabon fis, ku biya kuɗinsa.