Zaure ya zama ofis, tsakar gida masana'anta: yadda ake neman na kai daga gida a Matameye

Idan ka ratsa lungunan Matameye da hantsi, kunnenka da hancinka ne za su fara gaya maka inda ake sana'a. Ƙarar keken ɗinki daga wani zaure, ƙamshin gyaɗa da ake soyawa a bayan katanga, can gaba kuma ƙaramin janareto yana tari a ƙofar gida. Mafi yawan ƙofofin ba su da allon talla. Wanda ya san gidan kai tsaye yake zuwa, baƙo kuwa sai a haɗa shi da yaro.

Matameye ita ce hedikwatar gundumar Kance a jihar Damagaram. Tana kan hanyar da ta taso daga Takieta ta nufi Ɗan Barto, bakin iyakar Nijar da Najeriya, daga nan sai Kwangwalam da Daura. An san yankin da rake da gyaɗa, kuma kasuwar garin tana ci ranar Juma'a. Amma kayan da ake bajewa a ranar, da dama daga cikinsu a cikin gidaje aka kwana shida ana haɗa su.

Tun annobar korona ta 2020 ake ta zancen aiki daga gida a Turai da Amurka kamar wani sabon abu. A nan tsohon zance ne. Abin da ya sauya shi ne kayan aikin da suka shigo gidan, da kuma yadda suka ɗaure mai sana'a da wuta da intanet da farashin naira, abubuwa uku da ba shi da iko a kan ko ɗaya.

A zaure

Zauren gidan Bahaushe an gina shi ne don tarbar baƙi da tsare idon waje. Yanzu a gidaje da yawa akwai teburi a kusurwa, da kwamfutar cinya, da injin buga takarda, da jerin wayoyin mutane a caji. Galibi matashi ne da ya gama makaranta, wani ma har jami'ar Damagaram, aikin gwamnati bai samu ba. Yana buga takardar neman aiki, yana cike wa ɗalibai takardun jarrabawa, yana tsara katin gayyatar biki da na suna, yana tura wa'azi da finafinan Kannywood a waya. Duk da cewa a watan Maris na 2025 hukumomin Yamai sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, takardar da za a kai ofis har gobe da Faransanci ake rubuta ta. Saboda haka manomi ya zauna ya faɗi buƙatarsa da Hausa, matashin ya juya ta, a biya shi ladan fassara da na bugu a haɗe.

Dalilin zaɓen zauren a fili yake: ba kuɗin haya. Amma arhar tana da nata tsadar. Zaure hanya ce, duk mai shiga gida sai ya bi ta gaban teburin. Ranar suna ko rasuwa dole a kwashe kaya a shimfiɗa wa dattawa tabarma. Abokai 'yan fada su zo da butar shayi su cika wurin, mai kawo aiki ya leƙo ya ga taro ya juya. Ƙurar hunturu tana toshe injin buga takarda, zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 yana sa kwamfuta ta riƙa mutuwa da kanta.

Babbar matsalar ma ita ce bashi. Mai shago a bakin titi yana iya ɗaure fuska ya ce ba ya bayarwa. Wanda ke aiki a zauren mahaifinsa, ta yaya zai ce wa kawunsa ya biya kafin ya karɓi takarda? Telolin da ke ɗinki a gida su ma kukansu ke nan, musamman gab da salla, lokacin da ɗinkin dangi ke danne na masu biya.

A cikin gida

Wuce zauren ka shiga tsakar gida, a nan ne ainihin masana'antar take. Sana'ar man gyaɗa kaɗai ta isa misali. A soya gyaɗa, a murje, a sheƙe ɓawon, a aika yarinya inji ta markaɗo. Sannan a zuba a turmi ana yayyafa ruwan zafi ana juyawa har mai ya taso, a matse, abin da ya rage a murza shi ƙuli-ƙuli a soya a cikin man. Aikin yini ne cur, a wuri ɗaya da murhun tuwo da igiyar shanya da akuya da yara masu rarrafe. Wasu matan turaren wuta da humra suke haɗawa, wasu sabulu, wasu kitso da lalle, masu firiji kuma ƙanƙara da zoɓo da lamurje.

Wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta wallafa rubutu a 1969 kan wannan ciniki na matan kulle, ta kira shi ɓoyayyen kasuwanci. Ta nuna cewa yara ne ƙafafun cinikin, su ke kai kaya gida-gida su dawo da kuɗi. Wannan bai gushe ba a Matameye, kuma farashinsa shi ne yarinyar da ke yawo da faranti a ka a lokacin da ya kamata tana aji.

Sai dai waya ta fara rage wa yaran nauyi. Mace ta ɗauki hoton turarenta ta ɗora a WhatsApp, ciniki ya gudana da saƙon murya, wanda bai buƙatar iya karatu. Ɗan kabu-kabu ya ɗauki kaya zuwa tasha, kuɗi su iso ta NITA ko Amana. Matar da ba ta taɓa zama a rumfar kasuwa ba tana da masu saye a Damagaram da Magarya.

Jari kuwa yawanci daga adashe yake fitowa, ko daga asusun ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, tsarin da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991 kafin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Inda gizo ke saƙar shi ne, kuɗin sana'a da kuɗin cefane a gwangwani ɗaya suke kwana. Yaro ya yi zazzaɓi, maigida yana ci-rani bai aiko ba, sai a taɓa jari. Sau biyu ko uku aka yi haka, turmi ya koma jingine.

Wuta daga Katsina, kaya daga Kano

Wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa a yankin Maraɗi da Damagaram, wadda mutanen nan ke kira kuran, babban kasonta ta layin Katsina take shigowa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta katse wutar a farkon Agusta bisa takunkumin ECOWAS, a lokacin da kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin Nijar daga can yake zuwa. Sai a ƙarshen Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, iyaka kuma ta buɗe a watan Maris. A tsakanin nan, mai ƙanƙara ta ga jarinta ya narke ya zama ruwa, mai walda da mai buga takarda suka koma janareto. Shi ma ba sauƙi, domin tun 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai, fetur ɗin kwalba da ke tsallakowa daga Najeriya ya daina araha.

Tun daga lokacin farantan sola suka ƙaru a kan rufin gidaje. Ƙaramin faranti da batir yana ɗaukar fitila da caji da kwamfuta. Firiji da dutsen guga sun fi ƙarfinsa, wato sana'o'in mata da na teloli su ne suka fi zama a hannun kuran.

Kayan aikin ma mafi yawa daga Kano suke: yadi daga Kantin Kwari, kayan waya daga Farm Centre. Faɗuwar naira ta sa mai riƙe da sefa yana sayo kaya da sauƙi, amma ta hana mai saye daga Daura ko Mai'aduwa zuwa, tunda nairarsa ba ta da ƙarfi a nan. Don haka kafin tela ya faɗi kuɗin ɗinki, yakan fara tambayar nawa ake canjin jika yau.

Akwai kuma damina. A 2024 ambaliya ta shafi sama da mutum miliyan ɗaya a Nijar, har tsohon masallacin ƙasa na Damagaram ya rushe a farkon Satumba. Ga wanda gidansa ne wurin aikinsa, katanga ɗaya in ta faɗi ta tafi da makwanci da abin neman abinci a dare guda.

Wannan magana tana da nauyi na daban a gundumar Kance. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara, 33 mata, kuma akasarinsu daga wannan yanki suka fito. Ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Har yau mata na bin hanyar, ana kuma dawo da su a manyan motoci. A ganina, shirye-shiryen da ke raba keken ɗinki a ɗauki hoto a tafi sun tsallake tambayar farko: a ina za a aje keken, wa zai saya, kuma me zai hana a sayar da shi ranar da hatsi ya ƙare a rumbu? Matar da turminta ke juyawa ba ta cika tambayar kuɗin motar Agadas ba.

Bayan sallar isha'i, a zauren da aka yini ana buga takardu, matashin yakan naɗe wayoyin wuta, ya lulluɓe injin da tsohon zane saboda ƙura, ya tura teburin jikin bango. Ƙannensa na tsaye a ƙofa da tabarmi suna jira, domin a nan suke kwana.