Garaje Ba Ƙarfi Ba Ne: Matsalar Ƙure Jiki Tsakanin Samari Masu Ɗaga Ƙarfe a Sakkwato

1.0 Gabatarwa

Bahaushe mutum ne mai girmama ƙarfi. Tun zamanin da, saurayi mai ƙwanji yana da matsayi a gona da dandali da fagen fama, makaɗa kuma ba su raga masa wajen kirari ba. Tsohon Lardin Sakkwato ya yi fice a wannan fanni, domin daga cikinsa ne aka sami Shago, ɗan damben nan da makaɗi Ɗan Anace ya sa sunansa ya game ƙasar Hausa.

A yau an sami wata sabuwar hanya ta neman ƙwanji, watau ɗaga ƙarfe. A unguwannin birnin Sakkwato akan ga samari sun cika gwangwanayen fenti da siminti, sun soka bututun ƙarfe a tsakani, suna ɗagawa safe da yamma. Masu hali kuwa sukan biya kuɗi su shiga gidajen motsa jiki. Wannan abu ne mai kyau ga lafiya, sai dai yana tattare da wani haɗari da yawancin samarin ba su lura da shi ba, shi ne aikatar da jiki fiye da yadda zai iya murmurewa. Wannan hali shi za a kira "ƙure jiki" a cikin wannan maƙala. Manufarta ita ce ta bayyana yadda abin yake aukuwa, da alamominsa, da hanyoyin kauce masa.

2.0 Yadda Tsoka Take Girma

Kuskuren farko da mai ɗaga ƙarfe yakan yi shi ne zaton da yake yi cewa tsokarsa tana girma ne a lokacin da ƙarfe yake hannunsa. Idan mutum ya ɗaga nauyin da ya fi wanda ya saba, zaruruwan tsokarsa sukan wahala, abincin da ke ajiye a cikinta ya ƙare, ya tashi daga wurin da ƙarfin da bai kai wanda ya zo da shi ba. Bayan ya koma gida ya ci abinci ya kwanta, sa'an nan ne jiki yake shiga aikin gyara, ya mai da abin da ya ɓaci, ya kuma ƙara ɗan wani abu a kai don shirin gaba. Wannan ɗan ƙarin shi ne girman tsoka. Binciken masana ya nuna cewa aikin ginin yakan ci gaba har tsawon awa 24 zuwa 48 bayan an ajiye ƙarfe.

Ana iya kwatanta wannan da ginin ƙasa. Magini yakan aza sahu guda, ya dakata ya sha iska, kana ya aza wani. In ya yi gaggawar ɗora ɗanye a kan ɗanye, katangar za ta zube, ba kuwa don ƙasar ba ta da kyau ba.

Wani masani mai suna Hans Selye, wanda ya yi aikinsa a birnin Mantiriyal na ƙasar Kanada, ya bayyana a shekarar 1936 cewa jikin mai rai yakan bi matakai uku idan aka matsa masa: da farko ya razana, sa'an nan ya jure ya saba, in kuwa matsin ya ƙi ƙarewa sai ya gaza. Masu horar da 'yan wasa sun ari wannan bayani. Aikin mai hankali shi ne ya tsai da jikinsa a mataki na biyu, kada ya bari ya gangara na uku.

3.0 Matakan Gajiya

Harshen Hausa yana da wadatar kalmomin gajiya, kuma ba ma'anarsu ɗaya ba. Akwai gajiya, wadda ake gaisuwa da ita a ce "ina gajiya?" a amsa da "ba gajiya", domin an san barcin dare guda yana maganinta. Akwai tsamin jiki, wanda yakan biyo bayan aikin da ba a saba ba. Akwai kasala, inda zuciya take ƙin aikin tun jiki bai taɓa shi ba. Daga nan sai jigata, sai kuma galabaita, wadda ita ce ƙarshe. Wannan jeri ya yi kusa ƙwarai da rabon da masana suka yi.

A shekarar 2013 manyan ƙungiyoyi biyu na masana lafiyar 'yan wasa, ɗaya ta Turai ɗaya ta Amurka, sun fitar da matsaya guda a kan wannan batu, inda suka kasa shi gida uku:

(a) Matsi mai amfani. Mutum ya tsananta atisaye na ɗan lokaci, ƙarfinsa ya ragu, ya huta kwanaki kaɗan ko mako ɗaya zuwa biyu, ya dawo da ƙarfin da ya fi na da.

(b) Matsi marar amfani. Ƙarfi ya ragu, sai an yi makonni ko watanni kafin ya dawo, in ya dawo kuma babu wata riba.

(c) Cikakkiyar ƙurewar jiki. A nan murmurewa takan ɗauki watanni da yawa, wani lokaci ma fiye da shekara.

Mataki na uku bai cika samun masu ɗaga ƙarfe ba, an fi ganinsa ga masu dogon gudu da masu tseren keke da masu iyo. Na biyun shi ne ramin da samari suka fi faɗawa. Wahalar da ke akwai ita ce babu wata katanga tsakanin matakan nan. Tsawon lokacin da aka ɗauka kafin a warke shi ne yake nuna inda mutum ya kai, watau sai bayan aukuwar abin ake sanin zurfinsa.

4.0 Alamomin Ƙure Jiki

Hausawa sun ce jiki magayi. Babbar alama, wadda sauran duk suke bin bayanta, ita ce raguwar ƙarfi alhali ba a rage ƙoƙari ba. Saurayin da ya saba ɗaga wani nauyi sau goma, sai ya ga da kyar yake kai bakwai, mako ya zagayo abin bai sake ba. A nan ne akasari ake yin kuskure mafi muni, domin sai ya ɗauka ragwanci ne ya kama shi, ya ƙara yawan atisaye, ya zama ana kashe wuta da kananzir.

Sauran alamomin sun haɗa da waɗannan:

(a) Tsamin jiki da ya ƙi wucewa. Tsami na al'ada yakan tsananta tsakanin awa 24 da 72, sa'an nan ya lafa. Wanda ya zarce haka, ko ciwon da ya zauna a gaɓa kamar kafaɗa da gwiwar hannu da ƙugu, gargaɗi ne.

(b) Rikicewar barci. Mutum ya kwanta a gajiye amma barci ya ƙi zuwa, ko ya yi ta farkawa, ya wayi gari kamar bai runtsa ba.

(c) Sauyin bugun zuciya. Wanda ya saba ƙirga bugun jijiyar hannunsa na minti guda da asuba kafin ya tashi, zai iya lura idan adadin ya hau sama da yadda ya saba, ya kuma zauna a haka kwanaki a jere.

(d) Rashin sha'awar abinci da rama, ga wanda ya shiga harkar don neman kauri.

(e) Yawan mura da ƙananan cututtuka, da jinkirin warkewar rauni.

(f) Sauyin hali, kamar saurin fushi da ƙuncin rai da kasa tsai da hankali a kan karatu. Ga ɗalibi wannan ita ce hasara mafi tsada.

Babu wani gwajin jini guda ɗaya da yake tabbatar da ƙurewar jiki. Likita yakan fara ne da kawar da zaton wasu cututtuka masu irin waɗannan alamomi, kamar zazzaɓin cizon sauro da taifot da ƙarancin jini da ciwon sukari. Saboda haka wanda ya huta mako biyu bai ji sauƙi ba, asibiti ya kamata ya nufa.

Akwai kuma alama guda da ba ta jiran gobe. Idan bayan atisaye mai tsanani tsoka ta kumbura da ciwo mai yawa, fitsari kuma ya koma launin baƙin shayi, to tsokar ce ta farfashe, abin da ke cikinta ya kwarara cikin jini, kuma yana iya lalata ƙoda. Wannan hali yana bukatar likita a ranar.

5.0 Abubuwan da ke Tsananta Matsalar a Sakkwato

Nauyin da jiki yake ɗauka bai tsaya ga na ƙarfe kaɗai ba. Duk wata wahala ta yini a ma'auni guda take taruwa.

Na farko shi ne zafi. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Gumi yana tafiya da ruwa da gishirin jiki, zuciya tana ƙara aiki don sanyaya fata, daren bazara kuma ba ya barin mutum ya yi barci mai nauyi. Atisayen da jiki ya ɗauka cikin sauƙi da hunturu yana iya fin ƙarfinsa da bazara.

Na biyu shi ne abinci. Masana sun ƙiyasta cewa mai neman gina tsoka yana bukatar kimanin giram 1.6 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum. Saurayi mai kilo 60 ke nan yana bukatar wajen giram 96, alhali ƙwai guda bai wuce giram 6 ba. Wanda yake atisayen zakarun da yake gani a waya, amma cimarsa ta ɗalibi ce, ya ɗauko bashin da jikinsa ba zai iya biya ba.

Na uku shi ne aikin yini. Mai tura baro a kasuwa, ko lebura, ko ɗalibin da ya raba dare yana karatun jarrabawa, ya riga ya kashe rabin ƙarfinsa kafin ya taɓa ƙarfe.

Na huɗu, wanda ya fi sauran haɗari, shi ne ƙwayoyi. Tiramadol yana danne ciwo, ciwo kuwa shi ne ɗan saƙon jiki, wanda ya rufe bakinsa zai ci gaba da ɓarna bai sani ba, ga kuma jarabar da ƙwayar take sawa. Daga cikin ƙwayoyin da ake sha don ƙiba akwai dekzametason, wanda yake kumbura fuska da ruwa da kitse, amma yawan shansa cinye tsoka yake yi.

6.0 Hanyoyin Kauce wa Ƙure Jiki

Magabata ba su san sunayen da masana suka raɗa wa waɗannan abubuwa ba, amma tsarin rayuwarsu ya kare su. Kokawa da dambe wasannin kaka ne. Da damina kowa yana gona. In amfani ya zo gida, hatsi ya wadata, iska ta yi sanyi, sai a buɗe fage. In lokaci ya wuce a rufe. Ko a Jamhuriyar Nijar, gasar kokawa ta neman takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, ta shekara-shekara ce. Ƙarfi yana da lokacin nunawa da lokacin tarawa. Shi kuwa ƙarfen siminti ba shi da kaka ba shi da rani, kullum yana nan a zaure yana jira. Don haka tilas mai shi ya yanka wa kansa lokuta. Ga wasu ƙa'idoji:

(a) A bai wa kowace tsoka kamar kwana biyu kafin a sake matsa mata. Wanda ya yi aikin ƙirji da damtse ran Asabar, ya koma ƙafafu ran Lahadi ko ya huta. Ga sabon shiga, kwana biyu zuwa uku a mako sun wadatar. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarwarinta na 2020, kwana biyu ko fiye a mako ta ambata ga baligi.

(b) A riƙa ƙara nauyi kaɗan-kaɗan. Girkawa suna da labarin wani ɗan kokawarsu mai suna Milo, wanda aka ce ya riƙa saɓa ɗan maraƙi kullum har ya zama bijimi. Hikimar labarin ita ce maraƙi ba ya girma dare ɗaya.

(c) Bayan kowane 'yan makonni na aiki tuƙuru, a ware mako guda a rage nauyi da yawan ɗagawa.

(d) A ajiye littafi a riƙa rubuta nauyin da aka ɗaga, da sau nawa, da awowin barci. Ido yakan ruɗi mai shi a gaban madubi, amma alƙalami ba ya son kai.

(e) A nemi barcin awa 7 zuwa 9, domin a cikin barci mai nauyi ne jiki ya fi sakin sinadarin girma.

(f) A dogara ga abincin gida mai gina jiki, kamar wake da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da awara da nono da ƙwai da kifi, tare da isasshen tuwo ko fura, a kuma yawaita shan ruwa.

(g) Da bazara a yi atisaye bayan sallar Asuba ko bayan faɗuwar rana. Da azumi a rage shi, a mai da shi bayan buɗa baki. Mai zazzaɓi kuwa ya ajiye ƙarfe har ya warke sarai.

Wanda alamomi suka riga suka bayyana gare shi, maganinsa hutu ne da abinci da barci. Kada ya ji tsoron tsokarsa za ta zube, domin hutun mako ɗaya ko biyu ba ya rushe abin da aka gina cikin watanni.

7.0 Kammalawa

An ga yadda tsoka take samun umurnin girma a wurin atisaye, amma take aiwatar da shi a lokacin hutu. An kuma ga cewa raguwar ƙarfi duk da ƙaruwar ƙoƙari ita ce uwar alamomi, kuma zafin Sakkwato da ƙarancin cima da ƙwayoyi suna gaggauta zuwanta. Addini ma bai bar wannan fage ba. Lokacin da sahabi Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi ya lazimci azumi kullum da tsayuwar dare duka, Manzon Allah (SAW) ya umurce shi da ya sassauta, ya tunatar da shi cewa jikinsa yana da hakki a kansa. In har an nemi sassauci a wajen ibada, to ɗaga gwangwanin siminti ya fi cancanta da shi. Saurayin da ya riƙe wannan zai daɗe yana cin moriyar ƙarfinsa, domin sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.