Faɗa da Ciwo Tsakanin Kifayen Ƙasan Akwatin Gilashi

Gabatarwa

Kiwon kifin ado a akwatin gilashi ya fara samun gindin zama a gidajen jama'a, musamman a biranen Legas da Ibadan da Abuja. A wannan maƙala zan yi bayani ne kan kifayen da ke zama a ƙasan akwatin, wato masu kiwo a kan yashi, da yadda faɗa ke jawo musu ciwo. Na zaɓe su ne saboda su ne mai kiwo ya fi mantawa da su, har sai ya wayi gari ya tarar da gawa.

Su wane ne kifayen ƙasa?

Wanda Bahaushe ya fi sani shi ne ƙurungu, wanda masana ke kira Synodontis. Ana samun ire-irensa a kogin Neja da Binuwai da tafkin Cadi, kuma ana fitar da wasunsu zuwa Turai domin ado. Sai Corydoras, wani ɗan ƙaramin kifi mai gashin baki daga Amurka ta Kudu. Akwai kuma Pleco mai tsotsar gansakuka a jikin gilashi, wanda ake sayarwa yana ƙarami amma yakan wuce santimita 30 idan ya girma. Daga Tailan kuwa ake da wani baƙin kifi mai jar wutsiya, wanda ya yi suna wajen korar 'yan'uwansa.

Dalilan faɗa

Dalili na farko shi ne ƙuncin wuri. Kifin sama yana da sararin gudu, amma na ƙasa faɗin gindin akwatin ne iyakar gidansa. Saboda haka akwati dogo mai faɗi ya fi mai tsayi amfani a gare shi. Na biyu, ƙarancin maɓoya. Ƙurungu da Pleco da dare suke kiwo, da rana kuma kowa na neman ramin da zai laɓe. Idan rami ɗaya ne kifaye uku, dole a yi dambe. Na uku, yunwa. Mutane da yawa sun ɗauka ragowar abincin da ya nutse ya ishe su, alhali suna bukatar nasu abincin mai nutsewa, a zuba musu bayan an kashe fitila. Na huɗu, rashin sanin halin kowane iri. Corydoras ɗan taro ne, yana son zama cikin shida ko fiye, amma mai jar wutsiya ɗaya tak ake sakawa.

Yadda faɗa ke zama ciwo

Kifin da ake kora kullum yakan daina fitowa cin abinci, garkuwar jikinsa ta yi rauni. Cizo kuma yana kankare yauƙin da ke kare fatarsa, sai ƙwayoyin cuta su sami ƙofa. Ga shi kuma duk kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci a ƙasa suke taruwa, daidai inda yake kwance. Alamun da nake dubawa su ne yagewar fiffike, da cinyewar gashin baki, da jan tabo a ciki, da saurin numfashi, da goga jiki a kan duwatsu.

Cutar da ta fi yawa ita ce ta fararen ɗigo, masu kama da barbaɗen gishiri a jikin kifi. Wata ƙwayar halitta ce ke kawo ta, wadda aka bayyana a 1876. Idan ta ƙoshi a fatar kifi sai ta faɗo ƙasa, ta rarrabu zuwa ɗaruruwa, su taso su kama wanda ya fi kusa. Magani ba ya kashe ta sai a lokacin da take yawo cikin ruwa, shi ya sa ba a daina sa magani don kawai ɗigon ya ɓace. A nan akwai gargaɗi: kifi marar ɓawo irin su ƙurungu ba ya jure maganin da ke ɗauke da tagulla, don haka a karanta takardar maganin kafin a zuba.

Abin yi

A raba mafaɗacin da sauran, ko a sake jera duwatsun domin kowa ya nemi sabon wuri. A tanadi maɓoya fiye da yawan kifayen; fasasshiyar tukunyar ƙasa ko guntun bututu sun wadatar. A shimfiɗa yashi mai laushi maimakon tsakuwa mai kaifi. A canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako, ana zuƙe dattin ƙasa, kuma kada a zuba ruwan famfo sai an kawar da sinadarin kulorin. Idan an ɗauke wuta na'urar iska ta tsaya, a rage ba da abinci. Sabon kifi kuwa a keɓe shi mako 2 zuwa 4 kafin a haɗa shi da sauran.

Kammalawa

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Shawarata ga mai sha'awar wannan kiwo ita ce, kafin ya sayi kifi ya tambayi girman da yake kaiwa, da halinsa, da irin abokan zaman da yake jurewa. Sannan ya riƙa leƙa akwatin da daddare da 'yar tocila, domin a lokacin ne yawancin faɗan ke faruwa.